Waiwaye: Tafiyar Da Aka Auna Da Gwiwar Hajiya

Saudiyyar da yawancin mutanenmu suka sani garuruwa uku ce: Jidda inda jirgi yake sauka, sai Makka, sai Madina. Duk wanda ya dawo labarinsa ɗaya ne, rana da kwalta mai ƙuna da baƙaƙen duwatsun da ko ciyawa ba ta fitowa a kansu. Shi ya sa in ka ce wa alhajin Kano ko na Damagaram akwai inda ake kwana da bargo a ƙasar a tsakiyar watan Agusta, sai ya dube ka ya yi murmushi, ya ɗauka santin Umara ne yake ɗibarka. To amma akwai ɗin. Daga Ɗa'ifa wani dogon jerin duwatsu da ake kira Sarawat ya miƙa kudu yana bin gefen Bahar Maliya har ya shige Yaman. Tsakanin dutsen da tekun akwai siririn fili mai zafi da gumi, shi ne Tihama. A bisa dutsen kuwa garuruwa ne a jere, Baha da Baljurashi da Namas da Tanuma da Abha, kusan dukkansu sun haura mita 2,000 daga doron teku. Can 'yan ƙasar suke gudu da iyalansu idan zafi ya kai intaha a Riyad da Jidda da Dammam.

A da mai bizar Umara bai isa ya wuce iyakar garuruwan nan uku ba. Daga 2019 hukumomin ƙasar suka sassauta, suka bar mai Umara ya zagaya inda yake so muddin bizarsa ba ta ƙare ba. A irin wannan damar muka yi tafiyar da nake son in waiwaya yau. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne yadda aka tsara ta, domin har yanzu ina cin moriyar abin da na koya a zaman da aka yi kafin a tayar da mota.

Na raka Hajiyarmu Umara ne bayan alhazai sun watse, tare da 'yar autata, muka sauka a gidan yayana da ya daɗe zaune a Jidda. Yaya ya yi shekaru yana jan motar kaya tsakanin Jidda da kudancin ƙasar kafin ya ajiye sitiyari ya kama shago. Babban ɗansa, haihuwar can, ɗan jami'a, shi ya kawo shawarar a je Abha a sha iska, kuma kafin a ce kwabo ya gama tsara komai a wayarsa. Da aka idar da sallar isha'i aka baje a falo, ya fara karanto mana. A bar Jidda bayan asuba, a karya a Ɗa'ifa, a ci abincin rana a Baha, a kwana a Abha, tunda taswira ta ce kilomita 700 ne da ɗoriya. Washegari a hau dutsen Sauda, a gangara ƙauyen Rijal Alma, a komo. Daga nan sai Jizan, a hau Faifa, a shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Farasan, sannan a biyo bakin teku a dawo gida. Kowane wuri da hotonsa, kowane hoto kuma ya fi ɗan uwansa kyau.

Yaya bai katse shi ba har ya kai aya. Sannan ya juya wajen mahaifiyarmu.

"Hajiya, gwiwar nan taki awa nawa take jure zaman mota kafin ta fara kuka?"

"In ta yi biyu ta yi ƙoƙari."

"Maganin hawan jinin fa, zai kai mu ya dawo da mu?"

Ta sa aka ɗauko jakarta aka ƙirga a gaban kowa. Ya dube ni. "Yarinyar nan tana amai a mota?" Na ce in hanya ta yi kwana-kwana takan yi. "Akwai mai sikila a cikinmu?" Aka ce babu. Sai saurayin ya gaji, ya ce, "Haba Abba, motar nan fa akwai esi, kowa ya jingina ya yi barcinsa, ni zan taya ka tuƙi."

Hajiya ta harare shi. "Kai mai gidan, in so kake ka rabu da ni ka auro yarinya, ai sai ka faɗa. Ba sai ka kai ni kan dutse ka ƙarasa ni ba."

Aka bushe da dariya. Da dariya ta lafa, Yaya ya nuna wayar ɗan nasa ya ce, "Lissafinka daidai ne, amma lissafin mota ne. Wayar nan ba ta san su wa ke cikin motar ba."

Wannan maganar ita ce ginshiƙin tafiyar gaba ɗaya, kuma tsohuwar hikima ce a wajenmu. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro suna da madugu, suna da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya. Madugu yakan sa zango ne a inda akwai ruwa, inda kuma jakin da ya fi kowane gajiya zai iya isa kafin rana ta faɗi. Ayarin da ya bi saurin ingarman doki, jakunansa a hanya za su zube, alhali kuwa a kansu kayan suke. Yaya bai taɓa zuwa Gwanja ba, amma a daren nan aikin madugu ya yi. Ya ɗauki wadda ta fi kowa rauni a cikinmu ya mai da ita mudun awo, sannan ya auna nisa da lokaci da masauki da ita.

Ƙa'idojin da suka fito daga zaman kaɗan ne. Za a tashi bayan asuba, a sauke kaya kafin azahar ko jim kaɗan bayanta. Duk awa biyu a tsaya a gidan mai, Hajiya ta miƙe ƙafa ta sabunta alwala, tunda kusan kowane gidan mai da masallacinsa, matafiyi kuma yana da rangwamen ƙasaru. Ba za a haura daga bakin teku zuwa Abha a yini guda ba, sai an kwana a Ɗa'ifa jiki ya saba tukuna. Ba za a gangara dutse da yamma ba, ko da me.

Tambayar sikila da ya yi ta cancanci a tsaya a kanta, domin cutar tana da yawa a cikinmu. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kusan digiri 6, iskar da mutum yake shaƙa ma sai ta yi ƙaranci. Ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa kuwa su ne abubuwan da suka fi tayar wa mai sikila da ciwonsa, kuma duka ukun suna nan jibge a kan dutse. Haka mai ciwon zuciya da mai asma. Duk wanda yake da irin wannan a gidansa, likita ne farkon wanda zai nuna wa tsarin tafiyarsa, kafin ma ya nemi masauki.

Washegari na bi Yaya gareji. Kafin bakanike ya taɓa komai, shi da kansa ya tsuguna a gindin taya, ya goge ƙura da babban yatsa, ya nuna mini lambobi huɗu da ke gefenta. Biyun farko makon da aka ƙera tayar ne, biyun ƙarshe shekarar. Ya ce a ƙasar zafi taya tana tsufa ko ba a taka ta ba, ka ga zanenta raɗau amma robar ta bushe. Ya sa aka sauya biyu, aka duba iskar safaya, aka cika ruwan lagireto, aka sa sabuwar waifa. Sannan ya ce a zubar da man birki a zuba sabo. Bakaniken ya ce ai birkin yana kamawa. Yaya ya ce a Jidda yake kamawa. Man birki idan ya daɗe yakan sha danshi, to a doguwar gangara, in direba ya ɗora ƙafa a kan birki bai ɗaga ba, zafi yakan tafasa man, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse babu abin da ya riƙe. Maganin abin shi ne a sa mota a ƙaramar giya, ta biyu ko ta ɗaya, inji ya riƙe ta, birki ya zama na taimako kawai. Motar otomatik ma tana da inda ake tsare ta a ƙaramar giya, sai dai masu ita da yawa ba su taɓa kai hannu wurin ba.

Larabawa suna kiran hanyar da ta sauko daga kan dutse zuwa Tihama aƙaba, kuma kowace da sunanta da tarihinta a bakin direbobi. A watan Maris na 2023, cikin azumi, wata bas ɗauke da masu zuwa Umara ta yi hatsari a aƙabar Sha'ar da ke arewa da Abha. Rahotanni sun ce birki ne ya ƙwace, ta daki gada ta kife ta kama da wuta, mutum aƙalla 20 suka rasu. Da Yaya ya tuna wa ɗansa wannan, batun taya tuƙi a gangara bai sake tashi ba. Aka bar masa miƙaƙƙiyar hanya, tare da gargaɗi kan kyamarorin Sahir masu ɗaukar mai gudu su aiko masa da tara har waya. Aka sauke taswira a waya saboda kwarurrukan da sabis ke ɗaukewa, aka rubuta 997 ta motar asibiti da 996 ta jami'an tsaron hanya a takarda aka manna kusa da sitiyari. Baƙon da zai yi hayar mota kuma ya taho da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tun daga gida.

Hawan farko shi ne na Hada, hanyar da aka fasa a jikin dutse a shekarun 1960 don ta haɗa Makka da Ɗa'ifa. Cikin ƙasa da awa guda mota takan tashi daga ƙasan kwari ta kai kusan mita 2,000, kwana na bin kwana, kunne yana toshewa yana buɗewa. An hana 'yar autata waya, an ba ta cingam, an ce ta riƙa kallon nesa, ga leda a hannun matar Yaya ko da ta kwana. Gwaggon birai kuwa sun jeru a kan shingen hanya da 'ya'yansu, suna jiran wanda zai sauke gilas su wawushe abin da ke hannunsa. Hajiya ba ta kula su ba, dutsen take kallo. Can sai ta ce, "Yanzu irin wannan hawan Manzon Allah ya yi da ƙafa, ya je aka jefe shi?" Motar ta yi tsit, sai salati. A Ɗa'ifa abu biyu kawai ta nema, masallacin Abdullahi ɗan Abbas da wurin da ake dangantawa da gonar da Addasu ya kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inabi. Duka biyun aka kai ta a natse, ba wanda ya duba agogo.

A jerin saurayinmu akwai gonakin wardi da garin ya yi suna da su. Yaya ya ce wardin Ɗa'ifa a watannin Maris da Afrilu ake tsinkarsa, wanda ya zo a Agusta sai dai ya sayi turarensa a kwalba. Abin da lokacin ya kawo shi ne inabi da ɓaure da farkon rumman, da barshumi, 'ya'yan wani tsiro mai ƙaya da masu talla suke fere wa mutum a bakin hanya. Su muka ci. Hoton da mutum ya gani a intanet ba ya faɗa masa watan da aka ɗauke shi.

Daga Ɗa'ifa hanya mai lamba 15 ta miƙa kudu a kan gadon dutse, kimanin kilomita 220 zuwa Baha, sannan sama da 300 zuwa Abha. A kan wannan hanyar na gane dalilin dokar sauke kaya kafin azahar. Da safe sama garau take, har kana hango Tihama a ƙasa. Da rana ta take, iska mai danshi daga Bahar Maliya sai ta daki bangon dutsen ta hau, ta huce, ta zama hazo da girgije. Zuwa la'asar sai tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. A Namas muna zaune a masauki mun idar da abinci, hazo ya taso ta bakin kwari ya shigo cikin gari yana bin titi. Kafin a gama haɗa shayi, hasumiyar masallacin da ke tsallaken titi ta ɓace, kiran salla kawai muke ji. Motocin da hazon ya rutsa suna ta rarrafe da fitilun haɗari a kunne. Saurayinmu ya leƙa taga, ya duba agogo. Bisa tsarinsa, a daidai lokacin muna tsakiyar hanya. Hajiya da ke naɗe cikin bargo ta ce, "Mai gidan, a tayar da mota ne?" Ya ce, "Amarya, a dai ƙara mini shayi."

Batun masauki ma da gwiwar aka auna shi. Yankin cike yake da gidajen haya na kwana-kwana masu kayan ɗaki da kicin, kuma sun fi otal dacewa da iyali. Duk wanda Yaya ya kira, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai ɗaki a ƙasa, ko bene mai lifta. Ta biyu ko akwai ruwan zafi. Kicin ɗin kuma don a dama wa Hajiya kununta da safe, domin cikin tsoho ba ya son baƙon abinci kullum. Tun 2013 hutun ƙarshen mako a ƙasar ya koma Juma'a da Asabar, saboda haka daga yammacin Alhamis garuruwan dutse sukan cika maƙil, kuɗin ɗaki ya tashi. Sai ya tsara mu shiga Abha ran Lahadi, lokacin da jama'a suke ficewa. Mai bai dame mu ba, lita ɗaya riyal 2 ce da 'yan kai. Masauki shi ke cinye kuɗin tafiyar, kuma zaɓen rana shi ke rage shi.

Daga Baha mun gangara sau ɗaya da sassafe, ta hanyar da ta ratsa jerin ramukan da aka fasa cikin dutse, zuwa ƙauyen Zi Ain. Gidajen dutse ne aka ɗora a kan wani farin tsauni, a gindinsa ga idon ruwa da ba ya ƙafewa yana shayar da ayaba da lemo. Ƙauyen duk matakala ne. Aka shimfiɗa wa Hajiya darduma a inuwa kusa da ruwan, matasa suka hau suka sauko, muka koma sama kafin zafin Tihama ya buɗe ido sosai. Kowa ya samu rabonsa, ba a kuma tilasta wa kowa rabon wani ba.

Abha, babban birnin lardin Asir, tana kan mita 2,200 da wani abu. Da rana ba ka buƙatar esi, da dare sai da rigar sanyi. Mun zaga Kasuwar Talata inda mata suke sayar da ɗoɗɗoya da kayan ƙamshi, ga zumar magarya ana ɗanɗana wa mai saye a kan tsinke. Mun ci hanis, naman da ake turarawa cikin rami har ya saki ƙashi. A nan Hajiya ta fara cewa numfashinta yana yi mata gajarta in ta yi 'yar tafiya. Dutsen Sauda kuwa ya kai kimanin mita 3,000, yana cikin mafi tsawo a ƙasar. Nan take aka cire ta daga hawansa, matasa suka je da safe suka dawo da labari.

Sai maganar Rijal Alma. Daga Abha kilomita 45 ne kacal, amma gajeriyar hanyar ta Sauda take sauka, gangara ce mai tsananin tsayi da kwanoni masu matsi. Tsarin farko ya ce a sauka a gani a hawo, kwana biyu kuma a sake sauka zuwa Jizan. Yaya ya ce daga Abha mota da tsohuwa sau ɗaya za su sauka. Ranar barin Abha muka ɗaure kaya gaba ɗaya, muka bi ta Sha'ar da hantsi, mota a giya ta biyu tana gurnani, Hajiya tana yi wa waɗanda suka rasu a wurin addu'a. A ƙasan gangarar muka tarar da wata jibgegiyar mota a gefen hanya, hayaƙi na tashi daga ƙafafunta na gaba, warin birki ya cika wurin, mai ita ya buɗe robar ruwa zai sheƙa. Yaya ya tsaya ya yi masa magana da Larabci, ya ce ya bari ya huce da kansa, ruwan sanyi a kan faifan birki mai zafi lanƙwasa shi yake yi. Daga garin Muhayil muka yi kudu ta gindin duwatsu, muka shiga Rijal Alma ta ƙasa.

Ƙauyen ya cancanci zagayen. Benaye ne na baƙin dutse masu hawa da yawa, an yi musu ado da farin dutse a kewayen tagogi. Mutanen garin da kansu suka tara kayan kakanninsu suka buɗe gidan tarihi a 1985, a 2021 kuma hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin fitattun ƙauyukan duniya. A cikin ɗakunan akwai zanen bango da ake kira ƙaɗɗ, layuka da kusurwoyi cikin ja da kore da shuɗi da rawaya, wanda UNESCO ta shigar cikin kayan gadon ɗan Adam a 2017. Da aka gaya wa Hajiya aikin mata ne, uwa ke koya wa 'ya, sai ta matsa kusa da bangon ta daɗe tana bin layin da ido, ta ce wadda ta ja wannan hannunta ba ya rawa.

Faifa da Farasan kuwa tun a Jidda aka soke su. Faifa tana da kyau, gonaki hawa-hawa a jikin dutse, yankin da ake noman gahawar Khaulani, amma hanyoyinta na ƙwararrun 'yan gari ne, kuma tana dab da iyakar Yaman, inda ya kamata mutum ya bincika halin tsaro kafin ya doshi wurin. Jirgin Farasan kyauta ne, sai dai yini guda zai ci cikin zafi da gumin da ko matashi sai ya ji a jikinsa. Su kansu mutanen yankin dutse suke hawa da zafi, su sauko bakin teku da sanyi. Saurayinmu ya je duka biyun daga baya da abokansa a lokacin hunturu, ya kuma aiko mini da hotuna yana cewa gara da aka bari.

Dawowa ta bakin teku ce, daga Darb a yi arewa ta Birk da Ƙunfuza da Lis, kimanin kilomita 600 zuwa Jidda. Hanyar miƙaƙƙiya ce, haɗarinta kuma daban: gyangyaɗi, da raƙuma masu tsallakawa, da ƙurar da kan turnuƙe Tihama a watannin zafi, da kwarurrukan da kan cika da ruwa ba tare da ko ɗigo ya sauka a wurin ba, saboda an yi ruwa a kan dutse. A gefen hanya ga dawa, ga gero, ga riɗi, a tsofaffin ƙauyuka har da zagayayyun bukkoki. Hajiya ta sa aka tsaya ta taɓa zangarniyar dawa da hannunta. Yaya ya ba mu labarin kakanninmu da suka riƙa tahowa Hajji da ƙafa ta Chadi da Sudan, suna noma suna ƙodago a hanya shekara da shekaru, su tsallaka daga Sawakin. Wasu kwale-kwalen ba a Jidda suke sauke mutane ba, a wannan gaɓar ta kudu suke ajiye su, su ƙarasa a ƙasa. Jikokin wasunsu suna nan a Makka da Jidda, ana kiransu Hausawi.

Tun a zaman farko Hajiya ta faɗi buƙatarta guda, ita ce ta ƙara Umara kafin mu koma gida. Mai fitowa daga kudu ta bakin teku a Yalamlam yake ɗaukar harami, kamar yadda mai saukowa daga Ɗa'ifa yake ɗauka a Ƙarnul Manazil. Saboda haka haramin maza a saman kaya yake tun daga Abha, aka kuma raba hanyar biyu muka kwana a Ƙunfuza don ta isa da sauran ƙarfinta. Da ƙafarta ta yi ɗawafi, a sa'ayi ne kawai aka tura ta a keke. Da an bi tsarin wayar nan, gwiwar da ta ƙare tun a Baha.

Da na dawo gida na lura da yadda muke tsara tafiye-tafiyenmu. Mai ƙarfi ne yake tsarawa, da ma'aunin ƙarfinsa, sauran kuma a ce su yi haƙuri. Mai gida zai ɗebi iyali daga Legas zuwa Sakkwato a yini guda don a ce shi direba ne, yara sun galabaita, mai ciki ta kumbura, tsoho ya riƙe fitsari don kunya. In an isa a ce alhamdu lillahi, sai a kwana uku ana jinya. Haƙurin da ake nema daga marasa ƙarfi, ai mai ƙarfin ne ya fi dacewa ya yi shi, domin shi ne yake da rarar da zai bayar. Mun bar wurare da dama ba mu gani ba a kudancin Saudiyya, amma babu wanda ya kwanta asibiti, babu wanda ya dawo yana jin haushin wani, kuma waɗanda muka gani mun gan su da idon da ya ƙoshi da barci. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka mai karatu, in Allah ya hore maka irin wannan tafiya, ko Abha ce ko Mambila, kafin ka buɗe taswira ka zauna ka lissafa waɗanda za su shiga motar. Ka fara da wanda ya fi kowa rauni, ka tambaye shi awa nawa yake iya zama, me yake sha, me yake son gani. Ka tambayi wanda ya san hanyar lokacin da hazo yake sauka. Ka kai mota a duba birki da taya, ka koyi sauka da giya. Abin da ya rage bayan wannan shi ne tafiyarka, saura kuma ka bar wa wata shekarar. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.